Walƙiyar mai ɗaukar hoto

A ƙasar Bana, cikin gundumar Gaya, yawancin shagulgula da dare ake yin su. Da rana mutane suna fadama wajen shinkafa da rake, ko suna kasuwa. Sai rana ta faɗi ake kai amarya, makaɗa su fito da ganguna, ƴammata su shiga fili. A lokacin ne kuma ake neman mai hoto.

To, ga wuyar aikin. Idon mutum yana sabawa da duhu. In ya jima kaɗan, sai ya rarrabe fuskoki ko da hasken fitilar ƙwai ne. Akwatin hoto, wanda waɗansu ke ce wa kamara, waɗansu aparai, ba haka yake ba. Hasken da ya shiga cikinsa a lokacin da aka danna, shi kaɗai yake rubutawa. In hasken ya yi kaɗan, hoto ya fito baƙi ƙirin. In ya yi yawa, fuskoki su koɗe, ba hanci ba gira. Ba a kuwa kai amarya sau biyu. In hoton daren ya lalace, iyaye sun yi asarar kuɗinsu, mai hoto kuma ba za a sake kiransa biki a garin ba.

Shi ya sa mai hoto yake yawo da walƙiyarsa. Wata ƴar fitila ce da ake ɗorawa bisa akwati, ko a riƙe a hannu. Masu sana'a suna ce mata filash.

Ruwa da fangali

Kafin a san filash, sai an san yadda ake auna haske. Duk ɗan da ya taɓa taya ubansa ban ruwa a lambu ya riga ya san rabin darasin. Fangali yana son ruwa daidai. In bai isa ba, albasa ta bushe. In ya wuce, ta ruɓe. Mai lambu yana da dabara biyu. Yana iya buɗe bakin hanyar ruwa da faɗi, ya toshe nan da nan. Yana iya buɗe ƴar kafa, ya bar ta ta daɗe. Duka biyu ruwa ɗaya suke kawowa. Akwai kuma abu na uku, girman fangalin kansa: ƙarami ya fi saurin cika.

Haka abin yake cikin akwatin hoto. A bayan gilashin gaba akwai ƙofa mai faɗaɗa da tsukewa, kamar ƙwayar idon kyanwa. Ita ce bakin hanyar ruwa. A bayanta akwai labule mai buɗewa ya rufe. Shi ne yake ƙayyade lokaci, kuma lokacin gajere ne ƙwarai: 1/30, 1/60, 1/125, 1/250 na daƙiƙa. 1/60 yana nufin an raba daƙiƙa ɗaya gida 60 an ɗauki kashi ɗaya. A can ƙurya kuma akwai abin da yake karɓar haske. A dā fim ne, wanda ake ce wa pelikil. A akwatunan zamani ɗan allo ne na lantarki. Saurin jin haskensa ana rubuta shi da lamba: ISO 100, ISO 200, ISO 400. A tsofaffin kwalayen fim ASA ake rubutawa, amma lambobin ɗaya ne. ISO 200 rabin hasken da ISO 100 ke so ya ishe shi. Shi ne ƙaramin fangali.

Lambobin ƙofa su ne suke ruɗa ɗan koyo. A jikin zoben gilashi an jera su haka: 2 ; 2,8 ; 4 ; 5,6 ; 8 ; 11 ; 16 ; 22. Mutum zai yi tsammani 22 ita ce babbar ƙofa. A'a, ita ce ƙarama. Dalili shi ne lambar ta rabawa ce. Gilashi mai milimetir 50, in aka sa shi a 2, faɗin ƙofarsa 50 a raba 2, wato milimetir 25. In aka sa shi a 4, faɗin ya koma milimetir 12,5. Gurasa ɗaya in an raba wa mutum 16, rabon kowa bai kai na mutum 4 ba. Abin riƙewa shi ne: daga kowace lamba zuwa ta gabanta, hasken da ke shiga yana raguwa da rabi. Ana ce wa wannan taki ɗaya. Daga 8 zuwa 11 an rage rabi. Daga 8 zuwa 5,6 an ninka biyu.

Daga gari mai fashewa zuwa kwalba

Masu hoto na farko rana kaɗai suka dogara da ita. A shekarar 1887 waɗansu Jamusawa biyu, Adolf Miethe da Johannes Gaedicke, suka haɗa wani gari na ƙarfen maganeziyam. Ana zuba shi a ɗan faranti, a ɗaga sama, a kunna. Sai ya tashi fau da farin haske, ɗaki ya cika da hayaƙi. Mutane da yawa sun ƙone da shi. Wajen 1930 aka fara sayar da ampul mai ƙarfen da ke ƙonewa a cikin gilashi. Ba hayaƙi, amma kowane ampul hoto ɗaya yake yi a yar da shi. A 1931 wani malamin jami'a a Amurka, Harold Edgerton, ya fara aiki da fitilar da ke walƙiya da lantarki, ta sake, ta kuma sake, ba ta ƙarewa. Da irinta ya ɗauki hoton ɗigon madara yana fantsama, da na harsashi yana ratsa tuffa. Filash ɗin da ake gani a hannun masu hoton Gaya jikan wannan fitila ne.

A cikinsa akwai pil guda 4, kowane bolt 1,5, jimla bolt 6. Wannan ba ya isa ya yi walƙiya. Saboda haka akwai wata ƴar na'ura mai ɗaga ƙarfin wutar zuwa wajen bolt 300, tana tarawa a wani rumbu da ake kira kondansater. Kukan nan siriri, kamar na sauro, da ake ji in an kunna tsohon filash, rumbun ne ake cikawa. In ya cika, wata ƴar fitila ta kama a baya. A gaban filash akwai siririyar kwalba mai wata iska a ciki, sunanta zenon. Da an danna, sai duk wutar da aka tara cikin daƙiƙoƙi da yawa ta kwarara cikin kwalbar gaba ɗaya, a cikin kamar 1/1000 na daƙiƙa. Kamar a yini ana cika tulu da ludayi, sa'an nan a juye shi lokaci guda. Hasken da ke fita fari ne, kusan launin hasken rana da hantsi.

Wanda ya danna kafin ƴar fitilar baya ta kama, rumbu bai cika ba, hotonsa zai yi duhu. Garaje ya ɓata hotuna da yawa ta nan.

Nisa yana cin haske

Wannan shi ne zuciyar darasin, kuma ana iya gwada shi a aji da tocila, in an rufe tagogi. A yanka ƴar taga mai kusurwa huɗu a jikin kwali, a tsai da kwalin a gaban ƙwan tocilar da aka cire wa madubi. A tsaya metir 1 daga allo. Hasken zai zana fili mai kusurwa huɗu. A zagaye shi da alli. A ja da baya zuwa metir 2. Faɗin filin ya ninka biyu, tsawonsa ma ya ninka biyu, ke nan ya ci irin filin farko guda 4. A metir 3 zai ci guda 9. Hasken kuwa bai ƙaru ba, shi ne dai na ɗazu. Tiya ɗaya ta iri in an watsa ta a fangali 1 za ta yi kauri. In an watsa ta a fangali 9, kowane fangali kashi ɗaya cikin 9 zai samu.

Ke nan in nisa ya ninka biyu, ba rabin haske ake samu ba, kashi ɗaya cikin 4 ne. In ya ninka uku, kashi ɗaya cikin 9. In ya ninka goma, kashi ɗaya cikin 100.

Daga nan ake gane abubuwa da yawa. A hoton biki na dare, me ya sa wanda ke gaba ya yi fari fat, na bayansa daidai, na can baya sun nutse cikin duhu? Na gaba yana metir 1, na tsakiya metir 2, na baya metir 4. Hasken da na gaba ya samu ya fi na na baya sau 16. Babu ƙofar da za ta yi wa su duka daidai. Mai hoto da ya san aikinsa ba ya yarda da wannan tsayuwa. Yana jera mutane kusa da juna, sa'an nan shi ya ja baya. In sahun farko yana metir 5, na ƙarshe yana metir 6, bambancin haskensu kaɗan ne.

Haka nan ake gane asarar da ƴan kallo suke yi a filin kokowa, masu ɗaga salula daga can nesa suna haska ƴan kokowa. Fitilar salula ba kwalbar zenon ba ce, ɗan ƙwai ne irin na tocila, ƙarfinsa ba ya wuce ƴan metoci kaɗan. Ƙeyar wanda ke zaune a gabansu kaɗai suke haskawa.

Lambar jagora

Kowane filash yana da lambar da ke nuna ƙarfinsa. Ana samunta a takardar da ya zo da ita, wani lokaci cikin sunansa. Ita ce lambar jagora. Ana ba da ita da metir, a kan ISO 100. Aiki da ita rabawa ce kawai: lambar jagora a raba da nisa, abin da ya fito shi ne lambar ƙofa.

A ce filash mai lamba 32 ne. Ango yana tsaye a metir 4. 32 a raba 4, 8 ke nan. Sai a sa ƙofa a 8. In ya matso metir 2, 32 a raba 2, ƙofa 16. In makaɗa suna metir 8, ƙofa 4. In nisan metir 3 ne, lissafi ya ba da 10 da ɗoriya, sai a ɗauki 11 da ke kusa. Ana kuma iya juya lissafin don a san iyakar filash. In babbar ƙofar gilashi 2,8 ce, 32 a raba 2,8 ya ba da wajen metir 11. Abin da ya wuce nan, filash ɗin ba ya kai masa.

Me ya sa rabawa ɗaya take warware abin duka? A sake duba lambobin ƙofa: kowace, in an ninka ta da 1,4, sai ta ba da ta gaba. 1,4 sau 1,4 kuwa kusan 2 ne. To, nisa ma haka yake. Wanda ya tashi daga metir 4 ya koma metir 5,6 ya ninka nisansa da 1,4, hasken da yake samu ya ragu da rabi. Daga 5,6 zuwa 8 ya sake raguwa da rabi. Wato lambobin ƙofa da matakan nisa tsani ɗaya suke hawa. In mutum ya ja baya taki ɗaya a tsanin nisa, sai a buɗe ƙofa taki ɗaya, abin ya koma daidai. Shi ya sa nisa sau ƙofa kullum lamba ɗaya yake bayarwa: 2 sau 16, 4 sau 8, 8 sau 4, duka 32.

In aka canja ISO, lambar jagora ma ta canja, amma ba kai tsaye ba. Daga ISO 100 zuwa 400 saurin jin haske ya ninka 4, lambar jagora kuwa ninki 2 take yi: 32 ta zama 64. Haka kuma in aka rage ƙarfin filash zuwa 1/4, lambar ba ta koma 8 ba, 16 take komawa. Ɗan koyo yakan yi tuntuɓe a nan.

Ana auna lambar jagora a cikin ɗaki, inda bango yake mai da wani haske. A fili da dare ba bangon da zai mai da kome. Abin da ya wuce mutum ya tafi ke nan. Don haka a dandali masu hoto sukan ƙara buɗe ƙofa kaɗan bisa abin da lissafi ya ce.

Sai a san nisa. Mai hoto ba ya jan igiyar awo a tsakiyar biki. Yana koyon takunsa tun daga gida: ya auna metir 2, metir 3, metir 4 a tsakar gida, ya riƙa ƙirga taku, har idonsa ya saba. A jikin tsofaffin gilasai kuma an rubuta metoci. In an saita har hoto ya fito sarai, sai a karanta nisan a jikin zobe.

Labule biyu

A duk wannan lissafi ba a ambaci lokaci ba. Ba mantuwa ba ce. Walƙiyar tana ƙarewa cikin 1/1000 na daƙiƙa. Ko labule ya tsaya a buɗe 1/60, ko 1/15, walƙiyar ta riga ta shiga duka. Ƙarin lokaci ba ya ƙara mata kome.

To, me lokaci yake yi? Shi yake tara sauran hasken da ke wurin: na fitilar mai shayi, na wutar icce, na jan sararin almuru. A ce mai hoto ya je kwarin Foga da magariba wajen masu dafa gishiri. In ya sa 1/125, mutanen za su fito sarai, amma bayansu baƙi, kamar an yanko su an liƙa bisa gawayi. In ya sa 1/15, mutanen suna nan yadda suke, amma yanzu ga jan harshen wuta, ga inuwar giginyu a sararin sama. Hoto na biyu ya fi faɗin inda ake. Sai dai a 1/15 hannu ba ya son rawa, kuma mai motsi yakan bar wani dishi-dishi a gefensa. Ƙofa ke nan take kula da hasken filash, labule yana kula da na baya. Aiki biyu a danni ɗaya.

Amma akwai iyakar da ba a ƙetarewa. A yawancin akwatuna labulen biyu ne. Na farko ya ja ya buɗe, na biyu ya biyo shi ya rufe. In lokacin yana da ɗan tsawo, na farko yana kai ƙarshe kafin na biyu ya taso. A wannan tsakani fim duka a buɗe yake, a nan filash yake tashi. In aka sa sauri sosai, kamar 1/500, na biyu yana tasowa tun na farko bai kai ba. Ƴar tsaga ce kawai take ratsawa, ba lokacin da fim duka yake buɗe. Walƙiya ta tashi, ta sami labule ya tare wani ɓangare. Sai hoto ya fito rabi da haske, rabi baƙi, kamar an shafa shuni. A tsofaffin akwatuna iyakar takan zama 1/60, an rubuta ta da ja ko an sa mata alamar X. A na zamani 1/200 ce ko 1/250. Akwai akwatuna irin Rolleiflex da marufinsu yake cikin gilashi, yana buɗewa daga tsakiya. Su ba su da wannan matsala.

Ta ina haske zai fito?

Yawancin akwatuna suna da ɗan filash a jikinsu, dab da gilashi. Yana fid da mutum kunya, amma haskensa ba kyau. Yana bugun fuska gaba da gaba, ya shafe tudu da kwarinta, goshi ya yi ƙyalli. Yana kuma jawo jan ido. Da dare ƙwayar ido a buɗe take. Haske ya shiga, ya bugi bayan ido inda jijiyoyin jini suke, ya komo ta hanyar da ya bi, ya faɗa cikin gilashi. In akuya ce ko kyanwa, idon ƙyalli yake yi, domin bayan idonsu yana da wani abu kamar madubi.

Amfanin filash na dabam shi ne ana iya raba shi da gilashi. Ko ɗora shi da aka yi bisa akwati ya ɗaga shi ƴan santimetoci. In kuwa aka haɗa shi da waya, aka riƙe a hannun hagu, sama kuma gefe kaɗan, sai jan ido ya ɓace, inuwa ta sauka bayan kafaɗa. Fuska ta sami gefe mai haske da gefe mai ƴar inuwa, ta yi kama da mai ita. A lura: nisan da ake lissafi da shi daga filash ne zuwa mutum, ba daga akwati ba. Kada kuma a jingina mutum da bango, in ba haka ba baƙar inuwarsa ta tsaya a bayansa kamar wani baƙo.

Akwai dabarar da littattafan Turai suke yabo ƙwarai: a juya kan filash sama, haske ya bugi farin rufi, ya sauko a hankali kamar na safiya. Dabara ce mai kyau a ɗakin magajin gari ko a aji mai farin silin. Sai a haɗa nisan hawa da na sauka, a raba, sa'an nan a ƙara buɗe taki ɗaya ko biyu, don rufi yana shanye rabonsa. In hawa metir 2 ne, sauka metir 2, filash mai 32 ya ba da 8, sai a buɗe zuwa 5,6 ko 4. Amma a ɗakunan Bana rufi azara ce ta giginya, ko ciyawar da hayaƙi ya rina, bango kuma jar ƙasa. Azara tana haɗiye haske, jar ƙasa tana mai da shi ja, ta rina fuskar amarya. A nan sai wata hanya: yaro ya riƙe farin zane a gefe, a haska zanen. Ko mutum mai farar babbar riga ya tsaya a gefe, ya yi aikin bango bai sani ba.

Farar riga, baƙar fuska

Filash na zamani suna auna haske da kansu. Waɗansu suna da ɗan ido a gaba. In hasken da ya komo ya isa, sai su yanke walƙiya. Waɗansu akwati ne yake aunawa ta cikin gilashi, ya ba su umurni. A jikinsu an rubuta TTL. Wannan ya rage wahala. Sai dai na'urar ba ta san abin da take kallo ba. An koya mata cewa kome na duniya, in an gauraya shi, toka-toka ne.

To, ga dattijo da farar shadda da farin rawani. Farin ya mai da haske da yawa, na'ura ta ce ya isa, ta yanke da wuri. Riga ta fito toka-toka, fuskar dattijo ta ɓace. Ga kuma yarinya ita kaɗai a tsakiyar dandali, duhu ta kowane gefe. Na'ura ta ga baƙi ya yi yawa, ta yi ta zuba haske har yarinyar ta koɗe. A wuri na farko mai hoto yakan ƙara taki ɗaya, a na biyu ya rage. Lambar jagora ba ta da wannan ruɗu, domin ita ba ruwanta da launin riga. Nisa kawai ta sani. Shi ya sa tsofaffin masu hoto ba su yar da ita ba.

Ko da rana tsaka ana kunna filash. Mai sayar da rake a kasuwa da malfa a kansa, rana ta sama tana jefa inuwar malfa bisa fuskarsa. Ɗan filash, wanda bai kai ƙarfin rana ba, ya isa ya buɗe idanun. Da hunturu kuwa, in buji ya taso, a yi hankali: ƙurar da ke kusa da gilashi tana kama walƙiya, hoto ya cika da fararen ɗige-ɗige. Ƙwarin damina a bakin kogi ma haka suke yi. Nan ma maganin shi ne a nisanta filash da gilashi.

Waɗanda suka yi suna da dare

A Bamako an yi wani mai hoto, Malick Sidibé. Cikin shekarun 1960, bayan samun ƴancin kai, yakan bi wuraren rawar samari da dare, akwati da filash a hannu. Ya koma ya wanke fim kafin gari ya waye, ya liƙa ƙananan hotuna a kwali, samari su zo su zaɓa. A 2007 aka ba shi lambar girma ta Zakin Zinariya a birnin Benis na Italiya. Shi ne mai hoto na farko da ya same ta. Ya rasu a 2016.

A Yamai ma an yi irinsa, Philippe Koudjina. An haife shi a Kutanu a 1940, ya zauna a Nijar, ya ɗauki daren Yamai na shekarun 1960 da 1970: makaɗa, masu rawa, sojoji, ƴan gayu. Ya rasu a 2014. Su duka biyu ba su da allon da za su duba hoto a nan take. Sai an wanke fim ake sanin abin da ya faru, fim ɗin kuma hoto 12 ne ko 36. Cikin duhu da hayaniya, mutane suna juyi, dole ido ya auna nisa, kai ya yi rabawa, yatsa ya juya zobe, duk kafin kiɗa ya canja.

Kayen ɗan koyo

Yau akwati yana nuna hoto nan take, gwaji ba ya cin kuɗi. Ɗan koyo yakan zaunar da ƙanensa a metir 3 da dare, ya ɗauke shi a 4, a 5,6, a 8, a 11, a 16, yana rubuta kowane a kaye. Sa'an nan ya zaɓi wanda ya fi, ya ninka lambar da 3. Abin da ya fito shi ne lambar jagora ta gaskiya ta filash ɗinsa, wadda sau da yawa ba ta kai wadda aka rubuta a kwali ba. Allon akwati yana yaudara da dare, don cikin duhu kome yana yi wa ido haske. Gara a sake duba hotunan da safe.

Filash ba ya son zafi. Ba a barinsa a rana, ba a kuma danna shi sau da yawa a jere da cikakken ƙarfi. In za a ajiye shi ya daɗe, a cire pil, don suna zub da ruwa mai cin ƙarfe. Ba a haska shi dab da idon mutum, ko gaban doki ranar hawa, ko fuskar direba a hanya. Ba a kuma kwance shi don a ga cikinsa. Ko an cire pil, rumbun nan yana iya riƙe bolt 300 ɗinsa, ya fizgi hannun da ya taɓa shi. In ya lalace, sai a kai wa mai gyara a Gaya.

Lissafi

1. Wani mai hoto yana da filash mai lambar jagora 24, a ISO 100. Amarya tana metir 3 daga filash. A wace lamba zai sa ƙofa?

2. Ƙawayen amarya sun taru, ya ja baya zuwa metir 6. Wace lamba ce yanzu? Taki nawa ya buɗe?

3. Ya koma ISO 400, ya bar ƙofa a 8. A metir nawa ya kamata makaɗa su tsaya?

4. Ya sa labule a 1/500, hoto ya fito gefe ɗaya baƙi. Me ya faru a cikin akwati?